Sanyi na Uku a Kanada

Sanyi biyu muka shirya wa. Haka Kabiru ya faɗa wa mahaifiyarsa, haka ya faɗa wa likitan da ke duba shi tun yana yaro, haka ya faɗa mini. Karatun digiri na biyu shekara biyu ne, sanyi biyu ke nan, in ya lallaɓa jikinsa zai wuce su. Mijina mai ciwon sikila ne. Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san yadda suke da sanyi. Ko ruwan sama ne ya doke shi a Unguwar Mu'azu, unguwarmu a Kaduna, sai ya kwanta yana murƙususu da ciwon ƙashi. To ga shi an ba shi gurbin karanta injiniyan kwamfuta a wani gari da ke tsakiyar Kanada. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, sai ɗinki. Na bi shi ne don in kula da jikinsa.

Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Injiniya nake ce masa, tun lokacin da yake gyaran waya a rumfa, kafin ya shiga jami'a.

Wanda ya tare mu a filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ne da aka haɗa mu da shi ta waya, ana ce masa Alhaji. Ya rungume Kabiru kamar ƙaninsa, ya ce mun zo gida. Ya kai mu wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai taga ɗaya ƙarama daidai da takalman masu wucewa. Kabiru ya gaya masa lalurarsa, ya tambaye shi ko hitar ɗumama ɗakin tana aiki.

"Wannan? Sai kun roƙe ta ta bari," in ji Alhaji. "Madam har gumi za ta yi."

Da sanyi ya fara shigowa muka kunna ta. Ƙara kawai take yi, iskar da take fitarwa kuwa kamar ta firji. Muka kira Alhaji, ya ce yana zuwa. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Kabiru ya kwance hitar da sukundirebansa, ya tarar cikinta ya daɗe da ƙonewa. Da tarkacen da ake zubarwa a makarantarsu ya haɗa ta. Ranar da ta fara hura ɗumi, ya zauna a gabanta ya miƙa tafin hannuwansa, ya ce, "Allah ya saka wa Baba Yohanna."

Sai na faɗi ko wane ne Baba Yohanna, don in ba shi ba, ba za a gane abin da ya same mu ba. Tsohon ma'aikacin lantarki ne a masaƙa, mutumin Filato. Da masaƙu suka mutu ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin a unguwar Nasarawa ta Kaduna. A hannunsa Kabiru ya koyi narka dalma da bin waya a jikin allon na'ura, tun yana ɗan makaranta. Dokar shagon ɗaya ce da ta kowane shagon koyo a wajenmu: yaro yana da oga ɗaya. Ba ya leƙa shagon gaba ya ce a nuna masa wani abu. Yana nan har ranar da ogan zai tara mutane ya yaye shi, ya sa masa albarka. Kabiru ya zauna har aka yaye shi, kuma abin da ya fi alfahari da shi ke nan, fiye da digirinsa na farko.

A Kanada ma ya sami oga. Wani dattijon farfesa ne mai aikin 'yan ƙananan kayan da ke cikin kwamfuta, shi ne ya ga aikin Kabiru ya nema masa gurbin. Oga yake ce masa in muna hira, kuma da gaske yake nufi. Yakan riga kowa zuwa ɗakin gwaji, ya share teburin Oga, ya jera masa kayan aiki, har mutumin ya ce ya daina, ba a yin haka a nan.

Wata rana da rana ya dawo yana cin tuwon semo da na tuƙa, ya ce, "Yau matar ofis ta kira ni. Wai kar in tara kwasakwasaina wuri ɗaya."

Na ce kamar yaya.

Ya bayyana mini da yatsu. Karatun nasu fanni huɗu ne. Akwai na kayan cikin na'ura, wanda shi ne nasa da na Oga. Akwai na yadda na'urori ke magana da juna. Akwai na manhaja. Akwai na lissafin da duk sauran suka hau kansa. Dokar makaranta ta ce ba a ba mutum digirin sai ya ci kwas a fanni uku daga ciki, don kada a yaye injiniyan da abu ɗaya kawai ya sani.

"To ka ɗauka mana," na ce.

"Oga yana koyar da fanni biyu. Sauran na wasu malamai ne." Ya ajiye lomar da ya ɗebo. "Sakina, lokacin da kike koyon ɗinki wurin Anti Ladi, da kin tsallaka shagon gaba kin ce a koya miki surfani, me za ta yi?"

"Da ta miƙo mini almakashina ta ce in bi su."

"To kin gani."

"Ka tambayi Ogan?"

"Na tambaya. Cewa ya yi in ɗauki abin da raina yake so." Ya yi dariya. "Gwaji ne. Baba ma haka yake yi, ya ce wa yaro je ka inda ka ga dama, yana kallonsa ta gefen ido. Mutumin da ya ɗauko ni daga Kaduna, in bar ajinsa in tafi na wani? In lokaci ya yi, magana ɗaya zai yi wa 'yan ofis. Oga ba ya rasa yadda zai yi da yaronsa."

Maganar ta zauna mini daidai. Ni ma a haka na tashi.

Sanyin farko ya kai mu asibiti. Ban san akwai sanyin da ke sa gashin hanci ya daskare ba sai a garin nan. Ciwon ya kama shi a ƙugu da gwiwoyi, aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa da allurar kashe zafi. Ina zaune a gefen gado ina ta cewa, "Sannu Injiniya, Allah ya sauwaƙe," sai na ji murya a bayana.

"Wa ke yi mini Hausa a ɗakin nan?"

Wata nas ce, babbar mace baƙa, ta riƙe ƙugu. Ta ce sunanta Doose, iyayenta mutanen Binuwai ne amma a Kaduna aka haife ta.

"Ke 'yar ina?"

"Unguwar Mu'azu."

"Ni Unguwar Romi, ɓangaren Kiristoci." Ta tafa hannu. "Kin ji abin kunya. Muna gari ɗaya ba mai shiga unguwar wani, sai da muka zo ƙarshen duniya za mu gaisa."

Tun daga ranar ta zama Anti Doose. Ita ta kawo mini kuka da daddawa a cikin gwangwanin madara. Ita ta ba Kabiru rigar sanyin mijinta, ta ce wadda muka sayo a gwanjo ko kare ba zai kwanta a kai ba. Ita ta nuna mini bas ɗin da ke zuwa shagon 'yan Somaliya inda ake samun naman halal. Kuma ita ce ba ta taɓa ɓoye masa gaskiya ba.

"Injiniya, garin nan ba ya son jininka," takan ce. "Ka yi abin da ya kawo ka, ka ɗauki matarka ku tafi. Kar in ga ƙafarka a nan bayan sanyi na biyu, ko gaisuwa ce ta kawo ka."

Sanyi na biyu ya fi na farko. An kwantar da shi fiye da sau ɗaya, aka ƙara masa jini, ya fito yana ɗingishi da ƙafar hagu, ɗingishin da bai sake barinsa ba. Ni kuma kewa ta cinye ni. Nakan tsaya a ƙarƙashin tagar nan ina kallon takalma suna wucewa cikin ƙanƙara, ina tuna hayaniyar 'yan Keke a bakin titinmu da ƙamshin awarar maƙwabciyarmu. Abubuwan da a da suke damuna, su nake nema. Amma sanyin ya wuce. Ciyawa ta fito. Kabiru ya gama rubuta aikin bincikensa, Oga ya yaba. Na sayi jakunkuna, na fara ɗaure tsaraba: turare na Inna, mahaifiyarsa, da wani ƙaramin injin awon lantarki na Baba Yohanna.

Ranar da ya je ofis a tabbatar masa ya kammala, ya dawo bai yi sallama ba. Ya zauna a bakin katifa da takalmansa a ƙafa.

"Saura fanni ɗaya," ya ce.

Washegari na raka shi wurin Oga saboda ƙafar. Turancina bai da yawa, amma na fahimci abin da aka faɗa, wanda ya kuɓuce mini Kabiru ya cika mini daga baya. Oga ya karɓe mu da fara'a. Da ya ji abin da ya kawo mu, fara'ar ta tafi. Ya ce shi bai taɓa duba kwasakwasan da Kabiru ke ɗauka ba, ya ɗauka shi da ofis sun daidaita. Ya ce ba shi da ikon ɗage wannan doka, ko shugaban sashe ba shi da shi.

"Me ya hana ka zuwa ajin sauran malamai?" ya tambaya.

"Ni yaronka ne," in ji Kabiru.

Dattijon ya cire tabarau ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, rashin fahimta ne kawai. Ya ce, a hankali, "Ai ni ban mallake ka ba. Ɗalibin makaranta ne kai."

Na ga wuyan mijina ya sunkuya. Duk ciwon da na gani a jikinsa, ban taɓa ganin abin da ya sa shi yin haka ba.

Oga ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya buga waya, ya hau bene ya sauko. Kwasakwasan da ake yi kafin sanyi duk suna buƙatar wani share fage da Kabiru bai yi ba. Guda ɗaya ne zai iya shiga kai tsaye, na fannin lissafi, kuma ba a fara shi sai watan Janairu, tsakiyar sanyi. Sai an zauna a aji ake yin sa.

Muka hau bas muka dawo. Da muka shiga ɗaki na tsaya a gaban jakunkunan.

"Mu tafi gida, Injiniya."

"Da me?"

"Da ranka."

"Yaron da ya bar shago ba a yaye shi ba, kin san abin da ake ce masa. Har ya tsufa ana nuna shi, ana cewa wancan bai gama ba."

"Gara a faɗa kana zaune kana ji."

Sai ya ce, "Kwas ɗaya ne, Sakina. Daga ɗaki sai bas, daga bas sai aji. Zan rufe ko'ina."

Na kira Inna na gaya mata komai, na miƙa masa wayar. Na ji muryarta tana cewa ya dawo, ita ba takarda ta haifa ba. Ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." Sannan ta yi masa.

Anti Doose da ta ji, sai ta zauna a kan jakar tsarabar, ta kama kai. Ba ta yi masa faɗa ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Aka shiga sanyi na uku. Mai koyar da kwas ɗin wata 'yar siririyar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya. Abin da har yanzu na kasa ajiye shi wuri ɗaya a zuciyata shi ne, Kabiru ya so karatun nan. Yakan dawo leɓɓansa sun tsage, yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, ina gasa masa su da tawul mai zafi yana ta zuba.

"Ashe duk shekarun nan ɗaki ɗaya nake zaune a cikin gidan," ya ce mini wata rana. "Na san yadda ake ƙera abin, ban san yadda yake tunani ba. Matar nan, Sakina. Da na sani tun zuwanmu..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa masa ba.

Ana tsakiyar zangon, bas ya makara wata safiya, ya tsaya a tasha cikin iska. Da yamma ciwon ya tashi, wannan karon a ƙirji. Aka kwantar da shi, aka sa masa abin numfashi a fuska. Da ya ɗan farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne aji. In ya rasa lakca da yawa, sai wata shekarar.

Haka na zama ɗaliba. Anti Doose ta rubuta mini abin da zan faɗa, na je na sami malamar. Ta saurare ni har na gama, ta ce in zauna a gaba, kusa da ita, don wayata ta ɗauki murya sosai. Ranar farko da na shiga da hijabina a kan rigar sanyi, ɗaliban suka ɗago suka dube ni. Wata 'yar Indiya ta janye jakarta ta ba ni wuri. Daga baya kullum sai ta ajiye mini kujerar, in an tashi ta ba ni abin da ta rubuta in ɗauki hotonsa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ta karatun ba. Duk abin da malamar ta zana a allo, nakan kwafe shi yadda na gan shi, kamar ina cire samfurin riga.

A asibiti yakan sa abin ji a kunne ya rufe ido, yana gyaɗa kai. Wata rana ya dubi zanena, wasu 'yan da'irori da layuka suna sauka ƙasa suna rarrabuwa, ya ɗaga abin numfashin.

"Kin san me kika zana? Bishiya."

"Wace irin bishiya ce saiwarta a sama?"

"Irin ta garin nan." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Hannunki ya fi nawa kyau. Ke za a ba digirin."

"Allah ya kiyaye. Ni a mayar da ni kan keken ɗinkina."

Wata safiya na ga jikinsa bai yi mini ba. Idanunsa sun yi rawaya sosai, numfashin yana fita da ƙyar. Na ce yau ba zan je ba. Ya kama hannuna ya tura ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce yau za a yi bitar jarrabawa, duk zangon ba ranar da ta kai ta. Ya ce Anti tana nan. Na gyara masa bargo na tafi.

Nakan rufe layin wayata in tana ɗaukar murya, don kada kira ya katse. Ana cikin darasi ƙofar aji ta buɗe. Anti Doose ce, da kayan aikinta a ƙarƙashin rigar sanyi, ƙanƙara a kafaɗunta. Ba ta kira sunana ba, ba ta yi mini tsiya ba. Ta tsaya kawai. Malamar ta dube ta, ta dube ni, ta ajiye abin rubutunta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti ta ce ta riƙe hannunsa. Ta ce ta ji yana kalmar shahada, ita kuma da ta ga yana sarƙewa, ta riƙa maimaita masa farkonta yadda ta saba ji a Kaduna, har ya ƙarasa. Allah ya saka mata.

Mutanen masallacin garin, 'yan Somaliya da Pakistan da wasu da ban san ƙasarsu ba, su suka yi masa wanka da sutura da salla. Ba wanda ya san shi a cikinsu. Ƙasar maƙabartar ta daskare kamar dutse, sai da aka kawo mota mai haƙa. Ina cikin motar Anti daga nesa ina jin ƙarar ƙarfe yana dukan ƙasa. Oga ya zo. Ya tsaya a bayan sahu da kansa a buɗe cikin wannan iska, har aka gama. Da zai tafi ya zo bakin tagar motar, ya dube ni, ya tafi. Malamar ma ta zo da wasu daga cikin 'yan ajin. Ta ce za su nemi makaranta ta ba shi digirin ko bayan ransa. Na ce na gode. Ban tambaye ta yaushe ba.

Na iso Kaduna ana tsakiyar zafin bazara. A ɗakin Inna na zauna takaba. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa da tambayarsa, ya aka yi, me likitoci suka ce, ya gama karatun ko bai gama ba. Inna ba ta tambaye ni komai ba. Takan zauna a kan darduma da carbi, in an yi addu'a ta shafa.

Sai wata rana bayan azahar, baƙi sun tafi, daga ni sai ita, fanka tana juyawa a sama. Ba ta dube ni ba ta yi magana.

"Sakina."

"Na'am, Inna."

"Wurin da aka sa shi. Da sanyi?"

Na ji ƙarar ƙarfen nan a kunnena. Na nemi abin da zan faɗa wanda ba ƙarya ba.

"Rana ta fito ranar, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta kashe fankar, kamar yadda take yi duk lokacin da zai shigo ɗakin. Ta dawo ta zauna kusa da ni cikin zafin.